Yadda Tsiro Ke Ba da Izinin Ƙera Furotin

Kowane manomi ya san cewa irin gyaɗa yakan shekara a ajiye bai motsa ba, amma da zarar ya sha ruwan shuka sai ya farka. Shin me ke faruwa a cikinsa? A shekarar 1964 wasu masana biyu a Amurka, Marcus da Feeley, suka nuna cewa busasshen iri yana da ribosom, wato ƙananan injinan da ke harhaɗa furotin, sai dai ba sa aiki sai irin ya jiƙa. A 1965 kuma Dure da Waters suka gano cewa irin auduga yana adana saƙonnin RNA tun kafin ya bushe. Ashe ga maƙera ga umarni, izinin farawa kawai ake jira.

Shi saƙon RNA kwafi ne na umarnin da ke cikin DNA, kuma a gabansa akwai wata alama mai kama da hula. Wani gungun furotin mai suna eIF4F shi ke kama wannan hula, ya jawo ƙaramin ɓangaren ribosom. Wannan ɓangare sai ya bi saƙon yana lalube har ya tarar da haruffa uku, AUG, masu nuna wurin farawa. A nan ne babban ɓangaren ke haɗuwa da shi, a soma jera amino asid ɗaya bayan ɗaya.

Ƙera furotin aiki ne mai cin ƙarfi, don haka tsiro ke tsare wannan ƙofa. Idan akwai haske da isasshen sukari, wani furotin mai suna TOR yakan ƙarfafa farawa. Idan kuwa fari ya matsa, ko ruwa ya shanye saiwa, sai a rage farawa, a jingine yawancin saƙonni har lamari ya daidaita.

Wannan ilimi yana da amfani a gona. Akwai bairas mai mayar da ganyen shinkafa rawaya a fadamun Nijeriya da Nijar. Ba shi da ribosom nasa, sai ya kama wani furotin na farawa, eIF(iso)4G, don a ƙera masa nasa furotin. A 2006 aka gano cewa shinkafa mai suna Gigante tana jure cutar ne saboda amino asid ɗaya tak ya sauya a wannan furotin, bairas ɗin ya rasa wurin kamawa. Ta barbara da irin wannan shinkafa ake samar wa manoma iri mai jure cutar.