Babbar Sallah a bakin damina: Yadda Maradi da Tsibiri ke raba kuɗi tsakanin rago da gona

Shekarun nan Babbar Sallah na zuwa wa mutanen Maradi, Tsibiri da Jiratawa a lokacin da ya fi kowane tsauri ga magidanci. A 2024 an yi ta a tsakiyar watan Yuni, a 2025 kuma a makon farko na watan. Kowace shekara tana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya. A wannan yanki, lokacin ne rumbu ke yin ƙasa, gero ke tsada, manomi kuma ke jiran ruwan shuka. Kuɗin da za a sayi rago da su, su ne dai ake buƙata domin iri, taki da abincin da zai kai iyali zuwa kaka.

Wannan lissafi bai tsaya kan waɗanda ke gida ba. Ya shafi matashin da ke aikin gini a Libiya ko Aljeriya, da mai tireda a Abijan, da wanda ke Kano, Legas ko wuraren haƙar zinare a jihar Agadas. Da watan Zulhajji ya kama, ofisoshin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza kan cika da jama'a, tashoshin manyan motoci kuma su cika da masu dawowa daga Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600.

Rago da iyaka

Farashin rago a Maradi ya daɗe yana bin abin da ke faruwa a Najeriya, domin ta Dan Isa da Jibiya ake kai dabbobin yankin kasuwannin Katsina da Kano har zuwa Legas. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Faɗuwar darajar naira kuma ta sa ragon da aka saya da sefa ya yi wa ɗan kasuwar Najeriya tsada. A watan Mayun 2025 hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi waje gabanin Sallah, da nufin wadata kasuwannin cikin gida.

Matakin ya zo da riba da asara. Mai saye a birni yana fatan sauƙi, amma matar ƙauye da ta yi watanni tana turke rago da dusa da harawa, tana jiran Sallah ta sayar ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, ta rasa manyan masu sayenta. Balami, farin ragon nan mai girma da yankin Maradi ya yi suna da shi, galibi sai mai hali. Sauran jama'a kan nemi uda ko ɗan madaidaicin rago, wasu kuma su koma ga jar akuyar Maradi.

Malamai kan tunatar da mutane cewa a mazhabar Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da iko, ba a ɗora ta kan wanda zai buƙaci kuɗin domin larurar gidansa ba. Tunkiya ko akuya da ta kai shekarun da shari'a ta gindaya, kuma ba ta da aibi, ta wadatar. Abin da ke jefa mutane cikin bashi shi ne idon maƙwabci da gudun gori.

Kwana biyu na wuta da rabo

Baƙon da ya zo daga Kano zai fara lura da bambanci ne bayan an sauko daga Idi. Da liman ya yanka nasa, sai gari ya ɗauka. A nan ba a gaggawar daddatsa rago a soya. Ana feɗe shi, a buɗe shi gaba ɗaya, a ɗaure a kan sanduna biyu da aka gicciya, a jera a kewaye da wuta. A unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo da Sabon Gari, maƙwabta kan haɗa itace su hura wuta ɗaya a ƙofar gida, matasa su wuni suna juya raguna har dare. Ranar farko kayan ciki ake ci, waɗanda mata ke soyawa a cikin gida.

Washegari ake rabo. Yara su ɗauki kwanoni su bi gida-gida: na surukai, na gwaggo da kawu, na malamin unguwa, na gwauruwar da ba ta da mai yanka mata. Sauran a soya shi sosai a adana, har a aika wa ɗan da bai samu zuwa ba. Wannan rabon ne ke sa gidan da bai yi layya ba ya ci nama kamar kowa.

Fada biyu, tarihi ɗaya

Hawan Sallah a nan yana da tushe mai zurfi. Sarakunan Katsina da suka bar birninsu bayan jihadi ya ci shi a 1807 ne suka kafa mulki a Maradi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Shi ya sa har gobe ake da fadar Sarkin Katsinan Maradi da ta Sarkin Gobir kusa da juna, a bakin Gulbin Maradi. Ranar Sallah dogarai, mahaya, masu kakaki da algaita kan raka sarki daga filin Idi zuwa fada, talakawa su zo gaisuwa, sarki ya yi jawabi. Idan Sallah ta faɗo a irin wannan lokaci, addu'ar samun damina mai albarka ba ta ɓacewa daga bakin liman ko na sarki.

Abin da mai aikowa ya kamata ya sani

Kuɗin da suka iso kwana biyu kafin Sallah sukan tarar da tela ya daina karɓar ɗinki, itace da gawayi sun hau, kuɗin mota ya ƙaru. Waɗanda suka iso da wuri suna ba iyali damar zaɓi: a sayi ƙaramin rago a turke, a ware na shaddar yara da lallen mata, a ajiye na iri da taki. Gidaje da dama sun fara raba aiken gida biyu tun daga waje, a faɗa wa mahaifi ko yaya ƙarara cewa wannan na Sallah ne, wannan na gona.

A Jiratawa, inda noman rani da zogale ke kawo kuɗi ko da ba damina, matsin ya ɗan yi sauƙi. A ƙauyukan da suka dogara da ruwan sama kaɗai, kuskuren lissafi a watan Sallah kan bi iyali har watan Agusta, lokacin da hatsi ya fi tsada. Hausawa na cewa Sallah bikin ɗaya rana ce. Gonar da aka kasa shukawa kuwa, sai baɗi.