Idan kunkuru ya daina cin abinci, kada ka yi masa ɗura irin ta shanu

 Ni ɗan fataken shanu ne daga Suleja. A motocin da ke sauka kudu ba shanu da awaki kaɗai ake lodawa ba, wani lokaci har da kunkuru, ko na saƙo ko na sayarwa. Da yawa daga cikin gidajenmu a Sabo Ibadan, Agege da Shagamu akwai kunkuru a tsakar gida, wasu don sha'awa, wasu don yara. Yarbawa ma suna girmama shi. Wanda ke Oyo zai tuna Alagba, kunkurun fadar Soun na Ogbomoso, wanda ya mutu a watan Oktoba na 2019 bayan 'yar gajeruwar rashin lafiya. Fada ta ce shekarunsa 344, kodayake masana sun yi shakkar wannan lissafi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mu 'ya'yan kara mun saba idan saniya ta ƙi cin abinci sai mu ɗaga kanta mu ɗura mata ruwan kanwa da kwalba, mu bi ta da allura. Wannan dabara idan aka yi wa kunkuru, kashe shi take yi.

Dalili kuwa yana cikin halittarsa. Ƙofar numfashin kunkuru tana daidai gindin harshensa, huhunsa kuma yana can sama manne da ƙoƙon baya. Sannan ba ya iya tari kamar mu ko saniya. Duk ruwan da ya kauce ya bi hanyar numfashi, to ya zauna ke nan, bayan kwanaki sai ciwon huhu. Za ka ga kumfa a hanci, yana miƙe wuya yana buɗe baki. Allurar Ivermectin kuma, wadda muke yi wa shanu don tsutsa da kaska, guba ce ga kunkuru, tana shanye masa jiki har ya mutu. Ko ɗigo kada ka ba shi.

To me ya kamata a yi? Abu uku ne a jere: ɗumi, ruwa, sannan abinci. Idan ka juya jerin, ka ɓata aiki.

Kunkuru ba ya samar wa jikinsa zafi da kansa, daga waje yake samu. Idan jikinsa ya yi sanyi hanjinsa ba ya narka komai, abincin da ka cusa masa sai ya ruɓe a ciki. Babban kunkurun nan mai ruwan ƙasa ɗan Sahel ne, ƙasar rana da fari, daga Senegal har Sudan. Sanyin hunturu da asuba a nan Suleja yana kwantar da shi, a kudu kuma doguwar damina da siminti mai laima ne ke karya shi. Marar lafiya yana son wuri busasshe mai ɗumin digiri 28 zuwa 32, ya sha hantsi, amma da inuwar da zai koma idan rana ta take. Kunkuru da yawa da an gyara musu wurin kwana sai ka ga sun koma ci da kansu.

Sai ruwa. A sa shi a roba mai faɗi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, zurfinsa kada ya wuce haɓarsa, minti 20 zuwa 30 kullum, kana tsaye a kansa. A nan zai sha, a nan kuma yakan yi kashi da fitsari. Ka duba farin abin nan da ke fita tare da fitsarin. Idan laushi gare shi kamar man goge baki, lafiya. Idan ya yi tsakuwa-tsakuwa, ko idanunsa sun faɗa ciki, jikinsa ya bushe, kuma ba a ba busasshen kunkuru abinci sai an fara mayar masa da ruwa, don ƙoda na iya tsayawa.

Idan an yi haka kusan mako guda bai ci ba, ko yana ta ramewa a kan sikeli, ko bakinsa ya yi ruɓa, aiki ya koma hannun likitan dabbobi. Shi zai gano ko tsutsa ce, ko tsakuwa a mafitsara, ko ya haɗiyi leda, ko mace ce ƙwai ya maƙale mata. Jami'ar Ibadan tana da asibitin koyarwa na dabbobi, haka Nsukka, haka ABU Zariya, mu kuma na Suleja Gwagwalada ce kusa da mu, wato Jami'ar Abuja.

Ciyarwa ta tiyo iri biyu ce. Ta farko, likita ya riƙe kan, ya buɗe bakin, ya zura siririn tiyo mai laushi ta gefe, ya wuce ƙofar numfashi har tumbi. Tsawon tiyon ana auna shi tun daga waje, zuwa kusan tsakiyar ƙoƙon ciki. Wannan ta dace da ƙarami ko wanda ya galabaita. Babba kuwa idan ya janye kansa, ƙato biyu ba za su fito da shi ba, kuma kokawar kullum tana ƙara masa ciwo. Shi ya sa akwai hanya ta biyu: a yi masa allurar barci, a ɗan huda gefen wuya, a shigar da tiyon hanyar abinci, a ɗinke, a manne sauran a bayan ƙoƙo da filasta. Yana iya yin makonni har watanni a haka, kuma ba ya hana shi ci da baki. Kai mai shi aikinka sirinji kawai: ruwa kaɗan kafin abinci, ruwa kaɗan bayansa don kada tiyon ya toshe, a tura a hankali, abincin da ɗan ɗumi.

Yawan abin ba shi da yawa fa. Ana farawa da kamar mililita 10 a kan kowane kilo ɗaya na nauyinsa a yini, wato ƙaramin cokalin shayi biyu, da farko ma tsararo, sannan a riƙa ƙarawa yadda likita ya tsara. Wanda ya daɗe da yunwa idan aka cika masa ciki lokaci guda, zuciyarsa na iya bugawa. Idan ka ga abinci na dawowa ta baki ko hanci, tsaya nan take.

Me ake damawa? Kunkurun Sahel ɗan kiwo ne kamar saniya, ciyawa ce abincinsa. Likitoci na amfani da gari irin Critical Care na dabbobi masu cin ciyawa. Idan babu, a niƙa ciyawa mai laushi irin kiri-kiri da ganyen kuɓewa, ganyen dankali da ɗan kabewa, a tace, a zuba ɗan garin ɓawon ƙwai saboda ƙashi. Madara, kunu, koko, romon nama, burodi, tuwon jiya, duk a'a. Su ne ke kawo zawo da tsakuwar mafitsara. Harawa ma a sassauta.

Amma ka tabbata wane iri ne a hannunka. Ƙaramin nan na kurmi wanda bayan ƙoƙonsa ke lanƙwasawa ya rufe ƙafafun baya, shi laima da inuwa yake so, kuma yana cin dodon koɗi, tana da naman kaza. Idan ka shanya shi a rana kamar na Sahel, ka cuce shi.

A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, musamman yara, domin kashinsa na ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa zawo da zazzaɓi. Kunkurun Sahel yana cikin dabbobin da ke neman ƙarewa a daji, kuma wanda ka tsare a gida haƙƙinsa na wuyanka. Idan ba za ka iya da jinyarsa ba, ka miƙa shi ga wanda zai iya. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙi.