Injin Wanke Daɓe: Abubuwan da Ya Kamata a Sani Kafin a Saya

A shekarun baya, idan aka yi maganar tsabtace daɓen makaranta ko asibiti ko babban kanti, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne tsintsiya da tsumma da bokitin ruwa. Har yanzu waɗannan kayan aiki suna nan da amfaninsu. To, amma gine-gine sun ƙara girma, an shimfiɗa musu tarazo da tayil, har ta kai ma'aikaci ɗaya ba ya iya gama gogewa kafin jama'a su fara shigowa. Wannan ne ya sa hukumomin makarantu da asibitoci da masu otal-otal suke neman injunan da za su rage musu wannan nauyi. Sai dai kuma wanda zai sayi irin wannan inji karo na farko yakan fara ne da tambayar kuɗinsa da sunan kamfanin da ya ƙera shi, alhali kuwa tambayar farko tana ƙarƙashin ƙafarsa: wane irin daɓe ne, kuma wane irin datti ne ke hawa kansa? Duk wanda ya tsallake wannan tambaya yana iya kashe maƙudan kuɗi a kan injin da zai ɓata masa daɓe, ko kuma ya ƙare a sito yana tara ƙura.

Asalin Injunan

A shekarar 1901 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Hubert Cecil Booth ya ƙera injin zuƙe ƙura mai girman gaske, wanda doki ke ja. A bakin titi ake ajiye shi, a zura dogayen mesa ta taga zuwa cikin gini. Bayan 'yan shekaru, a garin Canton na jihar Ohio ta Amurka, wani mai sharar kanti mai suna James Murray Spangler, wanda ƙura ke tayar masa da ciwon asma, ya haɗa fanka da sandar tsintsiya da rigar matashin kai, ya samar da ƙaramin injin da mutum ɗaya zai iya turawa. Ya sami takardar mallakar wannan fasaha a 1908, kuma William Hoover ne ya saye ta ya kafa masana'anta a kanta.

Abubuwa Huɗu da ke Fitar da Datti

A shekarar 1959 wani masanin sinadarai na kamfanin Henkel da ke Jamus, Dokta Herbert Sinner, ya bayyana cewa kowane irin wanki ya dogara ne a kan abubuwa huɗu: sinadari, da ƙarfin cuɗa, da zafi, da kuma lokaci. Ya kwatanta su da da'irar da aka raba gida huɗu. Idan an rage kaso ɗaya, dole wani kason ya ƙaru kafin da'irar ta cika. Mai wankin da ba shi da ruwan zafi, ya jiƙa kaya suka kwana a ruwa, ya yi aiki da wannan ka'ida ko bai san sunanta ba, domin ya maye gurbin zafi da lokaci.

Tsumma ba shi da ƙarfin cuɗa sosai, saboda haka mai goge daɓe da shi yana biya ne da lokacinsa da guminsa. Aikin inji shi ne ya faɗaɗa kason cuɗa domin kason lokaci ya ragu. Amma inji bai soke kason sinadari ba, kuma a nan ne masu saye da yawa suke yin kuskure.

Ire-iren Injunan

Na farko shi ne injin shara da na zuƙe ƙura, waɗanda aikinsu kwashe busasshen datti. Abin dubawa a jikinsu shi ne rariyar da ke tace iska, domin idan ba ta da kyau, ƙurar da aka zuƙa ta gaba za ta fito ta baya ta shiga hancin mutane. Rariyar da ake kira HEPA, bisa ma'aunin Amurka, tana tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiromita 0.3, maikiromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Irin wannan ya fi dacewa da asibiti da ɗakin karatu.

Na biyu shi ne inji mai faifai ɗaya. Yana juya buroshi ko soso mai siffar faifai kimanin sau 150 zuwa 175 a minti ɗaya. Yana cuɗa sosai, amma ba ya kwashe ruwa, sai an bi bayansa da tsumma ko injin zuƙe ruwa. Akwai danginsa mai juyawa sau 1,500 ko fiye a minti, wanda aikinsa sa daɓe ƙyalli ne kurum, ba wanki ba. Launin soson yana nuna kaushinsa: fari na ƙyalli, ja na gogewar yau da kullum, kore na cuɗa mai ƙarfi, baƙi kuwa na kankare tsohon man ƙyalli.

Na uku shi ne injin da ke wankewa ya busar lokaci guda. Yana da tanki biyu. Ruwa mai tsabta yana sauka daga na farko zuwa kan buroshi, buroshi ya cuɗa, sa'an nan wata lanƙwasasshiyar roba da ke baya ta tattara gurɓataccen ruwan, iska ta zuƙe shi zuwa tanki na biyu. Fifikonsa a kan tsumma biyu ne: ba ya mayar da ruwan datti kan daɓe yadda tsumman da ake tsomawa a bokiti ɗaya yake yi, kuma yana barin wuri a bushe, ba santsin da zai kayar da majiyyaci ko ɗalibi. Akwai wanda ake turawa da hannu, akwai kuma wanda ake hawa ana tuƙawa, na manyan wurare kamar filin jirgin sama.

Daɓe, Yashi da Sinadari

A ƙasashenmu dattin da ya fi yawa busasshe ne. Iskar hunturu tana kwaso lallausar ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, takalma kuma suna shigo da yashi daga farfajiya. A ma'aunin taurin ma'adinai da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, ma'adinin kwaz da ya fi yawa a cikin yashi yana mataki na 7, ma'adinin da ke cikin dutsen mabul kuwa yana mataki na 3. Abu mai tauri shi ke kartar mai laushi. Ashe ke nan idan aka ɗora soso mai juyawa a kan mabul ko tarazon da ba a share ba, an mayar da soson takardar kankare katako. Dole shara ta riga wanki, kuma wurin da yashi ya yi yawa ya fi bukatar injin shara da shimfiɗar goge ƙafa a bakin ƙofa, kafin a yi zancen injin wanki.

Dangane da sinadari, ɗalibai sun san ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Abin da ke ƙasa da 7 asid ne, kamar ruwan lemun tsami. Abin da ke sama da 7 kuwa dangin kanwa ne. Maiƙon ɗakin girki yana fita da sinadari mai kanwa-kanwa, wankin yau da kullum kuwa na tsakatsaki ya ishe shi. Asid yana cin mabul da tarazo da siminti. Mai son ganin haka da idonsa ya jefa ɓawon ƙwai a cikin ruwan lemun tsami, zai ga ƙananan kumfa suna tasowa. Sinadarin da ke cikin ɓawon shi ne ke cikin mabul. Har ila yau, kada a zuba omon wanki a injin da ke zuƙar ruwa, saboda kumfarsa tana cika tankin datti ta haura cikin na'urar zuƙa ta lalata ta. Kada kuma a gauraya bilic da sinadari mai asid, domin suna fitar da iskar kulorin mai guba.

Lissafin Girman Inji

Masu ƙera inji sukan rubuta yawan filin da yake wankewa a awa ɗaya, kuma lissafin mai sauƙi ne: faɗin buroshi sau saurin tafiya. Alal misali, buroshi mai faɗin santimita 50, ana tura shi kilomita 4 a awa, zai ba da murabba'in mita 2,000. Wannan lissafin takarda ne. A wurin aiki kowane layi sai ya ɗan hau kan na baya; idan hawan ya ci santimita 5, lissafin ya koma 1,800. A ce kuma tankin yana cin lita 40, ruwa yana sauka lita ɗaya a minti. Bayan minti 40 sai an tsaya. Idan zubar da ruwan datti da ɗebo sabo da janye kujeru suka ci minti 20, to, abin da aka wanke a awar murabba'in mita 1,200 ne kawai. Da wannan adadi na ƙarshe ya kamata a yi shiri.

Bayan haka a ɗauki ma'auni a auna ƙofar da ta fi kowace ƙunci, a tuna cewa robar baya ta fi buroshi faɗi. A duba matakala, domin inji mai batir sau da yawa nauyinsa kan wuce kilo 100, ba abin da za a riƙa ciccibawa zuwa bene kullum ba ne.

Wuta ko Batir

Inji mai waya ya fi araha da rashin nauyi, amma yana bukatar wutar da ba ta yankewa, wayarsa kuma tana iya harɗe ƙafar masu wucewa. A duba takardar da ke manne a jikinsa: wutar gida a Nijeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 240 ne, ta Amurka kuwa 120, saboda haka injin gwanjo da aka ƙera don Amurka zai ƙone idan aka jona shi kai tsaye. Mai dogaro da janareta ya sani cewa inji yana jan wuta lokacin tashi fiye da lokacin da yake aiki.

Inji mai batir yana shiga ko'ina, sai dai batirin yana da nasa sharuɗɗa. Batirin dalma da asid yana da sauƙin kuɗi, amma zafi yana rage masa kwana, haka ma barinsa ya ƙare ƙarƙaf. Mai ruwa a cikinsa yana bukatar ƙarin tataccen ruwa, kuma yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka a yi cajinsa inda iska ke ratsawa. Batirin litiyam ya fi tsada, amma ya fi saurin caji da daɗewa.

Kayan Gyara da Mai Aiki

Kuɗin inji ba ya ƙarewa ranar da aka biya shi. Roba da soso da buroshi da rariya da batir duk suna cinyewa. Kafin a biya, a tambayi dillali inda ake samun waɗannan, da wanda zai yi gyara, da tsawon garanti. A nemi ya kawo injin a gwada shi a kan ainihin daɓen da za a wanke, a wurin da ya fi datti, kuma ma'aikacin da zai riƙa aiki da shi ne zai tura shi. A saurari ƙararsa, domin abin da bai dami kowa a kanti ba yana iya hana majiyyaci barci. A koya wa ma'aikacin ya riƙa zubar da ruwan datti yana ɗauraye tanki bayan kowane aiki, ya bar murfin a buɗe ya sha iska, ya kuma ɗaga buroshi daga ƙasa don kada gashinsa ya kwanta.

Ba kowane wuri ne ke bukatar inji ba. Ajin da ke cike da bencina, ko daɓen simintin da ya farfashe, tsintsiya da tsumma sun fi yi masa amfani, kuɗin kuma gara a sa shi a gyaran daɓen. Malaman lissafi da na kimiyya suna iya ba ɗalibai aikin auna babban zaure da barandun makarantarsu, su gano irin daɓen da irin dattinsa, su yi lissafin da muka nuna a sama, sa'an nan su gaya wa shugaban makaranta ko inji ya dace da ita, da kuma wane iri.