Mene ne halaccin mulki?

Tun ranar 26 ga Yulin 2023, da sojojin da ke gadin fadar shugaban Nijar suka tsare shugaban ƙasar, Mohamed Bazoum, kalmar "halacci" ba ta bar bakin 'yan jarida ba. Ma'anarta ita ce jama'a su yarda cewa mai mulki ya cancanci ba da umarni, su bi shi ba don tsoro ba.

A dimokuraɗiyya, ƙuri'a da kundin tsarin mulki ne ke ba da halacci. Ta zaɓen 2021 Bazoum ya hau. Soja kuwa da bindiga yake shiga, sai daga baya ya nemi yardar mutane. Janar Abdourahamane Tiani, wanda ya karɓe mulki daga hannun Bazoum, ya jingine kundin, ya kafa hujja da taɓarɓarewar tsaro, kuma korar sojojin Faransa ta jawo masa goyon bayan dubban mutane a Yamai. A Maris ɗin 2025 aka rantsar da shi kan wa'adin shekara 5 ba tare da zaɓe ba, aka kuma rushe jam'iyyu.

Ƙungiyar ECOWAS ta ƙi amincewa da juyin mulkin tun farko, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Talaka ne ya ji jiki: 'yan kasuwar Maraɗi da Jibiya, da majinyatan da magani ya yi wa tsada, har Fabrairun 2024 da aka ɗage takunkumin.