Ayu da Kuɗin Cetonsa

Mutumin Kabara, a birnin Kano, ya san ayu ne ta mansa da masu magani ke sayarwa. Shi kuwa dabba ne na ruwa mai shayarwa, mazaunin kogin Kwara da Binuwai. Idan ruwa ya janye da rani yakan maƙale a gurbi, nan mafarauta ke samunsa.

Dokar Nijeriya ta 1985 ta haramta kashe shi, amma mai da shi kogi sai da kwalekwale da ma'aikata da kuɗi. A Amurka, dokar shekarar 2000 ta kafa tallafin Prescott domin masu ceton irin waɗannan dabbobi: gwamnati ta biya kashi uku cikin huɗu, su biya ragowar. Irin wannan tanadi ayu yake bukata bayan hani.