Jirgin fayiba ma yana kifewa

Duk lokacin da kwalekwale ya nutse da mutane a kogunanmu, kafin a tashi daga zaman makoki za ka ji ana kiran a watsar da na katako a koma na fayiba. Maganar tana da hujja, domin fayiba ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, kuma ba sai ana toshe ɓaraka kullum ba. Sai dai mutanen Ingila, waɗanda suka daɗe suna ƙera ƙananan jiragen fayiba masu tafiya da iska don yawo a gaɓar teku, sun biya da rayuka kafin su gane cewa kayan da aka ƙera jirgi da su ba su ne ke hana shi kifewa ba.

A watan Agustan 1979 jirage 303 suka tashi tsere daga Cowes da ke kudancin Ingila, da nufin su zagayo dutsen Fastnet a kudu maso yammacin Ayalan su sauka a Plymouth. A dare na uku guguwa ta rutsa da su. Mutum 15 daga cikin masu tseren suka mutu, aka gudu aka bar jirage 24, guda 86 kacal suka kai ƙarshe. A ajin ƙananan jirage kuwa, cikin 58 ɗaya tak ya kammala, wani mai suna Assent, samfurin Contessa 32.

Me ya raba shi da sauran? David Sadler ne ya tsara wannan samfuri, Jeremy Rogers ya riƙa ƙera shi a Lymington. Tsawonsa bai cika mita 10 ba, faɗinsa bai kai mita 3 ba, nauyinsa kimanin kilo 4,300. Kusan rabin wannan nauyi dalma ce da aka dasa a wani fiffike can ƙarƙashin jirgin, cikin ruwa. Idan iska ta tura ƙyallen da ke tafiyar da jirgin ta karkatar da shi, dalmar sai ta jawo shi ya miƙe, kamar dai tulun da aka zuba wa yashi a gindi. Binciken da aka yi bayan hatsarin ya nuna cewa irin wannan jirgi zai iya karkacewa fiye da digiri 150, wato saura kaɗan ya yi rub da ciki, amma ya dawo daidai da kansa. Wani samfurin tsere mai faɗi, mara nauyi, da aka gwada su tare, tun kafin digiri 120 ya sallama.

Yaudarar tana nan: jirgi mai faɗi shi ya fi daɗin shiga. A tashar ruwa ba ya tangaɗi, ga ɗaki wadatacce, ga wurin kwana. Siririn kuwa matsattse ne, da iska ta ɗan taso ya karkace, ruwa yana fantsamo wa matuƙi a fuska, kuma gudunsa da wuya ya wuce kilomita 12 a awa. Mai saye da ido zai ɗauki na farkon. Ba laifi ba ne, in dai ya san cewa na yawon gaɓa ya saya, ya kuma tsaya a gaɓar.

Shi ya sa tun 1998 jiragen shaƙatawa da ake sayarwa a Tarayyar Turai suke ɗauke da wani ɗan allo a kusa da mazaunin matuƙi. Harafin C a kan allon na nufin ruwan kusa da gaɓa, inda igiyar ruwa ba ta wuce mita 2; B na jure har mita 4; D na tafki ne da kogi mai kwanciya. A jikin allon an rubuta iyakar mutanen da jirgin zai ɗauka da nauyin kaya.

Tsufa ma yana kama fayiba, sai dai a ɓoye. Ruwa kan ratsa fatarsa ya tayar da bororo a gindin jirgin. Ka fasa ɗaya ka ji wari mai tsami. Daɓen sama, wanda galibi akwai katako mara nauyi a tsakiyarsa, in ya sha ruwa sai ka ji yana lotsawa a ƙarƙashin ƙafarka. Mafi muni shi ne mahaɗar fiffiken dalma. A Mayun 2014 na wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki ya ɓalle a tsakiyar Tekun Atlantika, jirgin ya kife, mutum huɗun da ke ciki ba a sake ganinsu ba. Duk jirgin da ya taɓa dungurar dutse ko ƙasa, a fito da shi tudu a duba, ko da fentinsa na ƙyalli.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: fayiba ya fi ruwa nauyi. In jirgin ya huje ya cika, zai tafi ƙasa, sai fa idan an cusa masa soso mai hana nutsewa. Amma muddin yana bisa ruwa, kada a yi gaggawar barin sa. Cikin jirage 24 da aka gudu aka bari a Fastnet, 19 an same su daga baya suna yawo a kan teku, alhali mutum bakwai sun mutu bayan sun koma kwalekwalen roba na ceto.

Jiragen fayiba da ke jigila a Kogin Kwara da tafkin Kainji ba su da wata dalma a gindi. Fasinjoji da buhunansu su ne nauyin, saboda haka lodin da aka tula sama, ko mutane su ruga gefe guda, ya isa ya juya jirgin. Mai karatu, kafin ka sa ƙafa, tambayi matuƙi mutum nawa aka ƙayyade wa jirginsa, ka ƙirga kawuna da kanka, ka ɗaura rigar kariya tun kana tudu. In lissafin ya wuce, ka jira na baya.