Tsakuwa a Hanyar Yawu: Yadda Likitoci Ke Raba Mu da Ita

'Yan'uwa ɗalibai, mun saba jin labarin tsakuwar ƙoda, amma kaɗan daga cikinmu ne suka san tsakuwa na fitowa a hanyar yawu. Kowannenmu na da manyan jakunkuna 6 masu haɗa yawu, uku a kowane gefe: gaban kunne, ƙarƙashin muƙamuƙi da ƙarƙashin harshe. Kusan kashi 80 cikin 100 na tsakuwoyin a ta ƙarƙashin muƙamuƙi suke taruwa, domin yawunta ya fi kauri, kuma bututunta hawa yake yi kafin ya ɓullo a baki. Ƙarancin shan ruwa, halin da yawancinmu muka iya, yana ƙara kaurin.

Alamar ba ta ɓuya. Da an kai loma baki sai ƙasan muƙamuƙi ya kumbura da zafi, bayan ɗan lokaci ya sace. Wasu kan ce hangum ne, alhali hangum ba ya bin lokacin cin abinci.

Ƙaramar tsakuwa kan fita da shan ruwa, gashi da tsumma mai ɗumi da tsotsar lemun tsami. Idan ta maƙale kusa da bakin bututun, likita zai kashe zafin wurin, ya ɗan tsaga ta cikin baki ya ciro ta, a koma gida a ranar. Idan kuwa ta yi nisa, ko wurin yana yawan yin mugunya, sai a cire jakar ɗungum.

Kafin wannan tiyata ana ɗaukar hoto da gwajin jini. Dole a faɗa wa likita duk maganin da ake sha, musamman asfirin, har da na gargajiya. Ba a cin abinci awa 6 kafin allurar barci. Ana yankan a wuya, ƙasa da muƙamuƙi, don kauce wa jijiyar da ke motsa leɓen ƙasa. Wannan kaɗai ya isa mu gane ba aikin askar wanzami ba ne.

Bayan aiki akan bar ƙaramar roba mai tsane jini kwana ɗaya ko biyu. Kunu da fate su ne abokai a farko, ƙwallo kuma sai bayan mako biyu. Idan leɓe ya ɗan karkace, yawanci yana komawa daidai a hankali. Mai tsoron bushewar baki kuwa ya kwantar da hankalinsa, sauran jakunkuna biyar ɗin suna riƙe aikin.